Shari'ar Kwalekwalen Tanimu Mai Fito

An yi wani sarki a birnin Gulbare, can inda gulbi ya lanƙwasa ya raba ƙasar manoma da ta makiyaya, sunansa Zailani. Mutum ne dogo, mai ƙarancin dariya da yawan tunani, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba ko da ta wasa, kuma wannan hali shi ne abin da talakawansa suka fi so a tare da shi, shi ne kuma abin da fadawansa suka fi tsoro.

A farkon sarautarsa 'yan fashi suka addabi hanyoyin ƙasar, a kama su a rasa shaida, a sake su da hantsi su tare fatake da la'asar. Da abin ya ishe shi sai ya kafa wata doka da aka laƙaba wa suna Kamun Kaya. Hukuncinta shi ne, duk abin da ya taimaki mai laifi, doki ne ko takobi ko ɗakin kwana, to shi kansa abin ya zama mai laifi, a tsare shi, ko an kama mutumin ko ba a kama shi ba. Mai kaya ba shi ake tuhuma ba, saboda haka ba shi da bakin magana a gaban shari'a. Kayan ake tuhuma, su kuwa kaya Allah bai yi musu baki ba. Abin da aka tsare sai a kasa shi uku, kashi biyu na baitulmali, sulusi na dogaran da suka kamo, wai don a ƙarfafa musu gwiwa.

Gwiwa kuwa ta yi ƙarfi har ta wuce yadda aka so. 'Yan fashi suka ƙare, dokar ba ta ƙare ba, ga shi kuma dogarai sun riga sun ɗanɗana sulusi sun ji garɗinsa. Shugabansu, Sarkin Dogarai Ɓaidu, wani ƙato mai sanyin murya da yawan gaisuwa, ba ya rabo da jajayen ƙyallaye cikin aljihu, kuma duk abin da ya ɗaura wa ɗaya, mai shi ba ya ƙara taɓa shi, sai dai ya kalle shi daga nesa. An ɗaura wa turmi don an ce an daka geron sata a cikinsa. An ɗaura wa bijimi don an ce ɓarawo ya laɓe a bayansa. Abin mamaki, turmin sabo ne, bijimin kuma kitse har wuya. Ba a taɓa jin ɓarawo ya laɓe a bayan ramammiyar akuya ba.

Sai tsoro ya shigo gari ya zauna daram kamar gidan ubansa. Maƙwabci ya daina ara wa maƙwabci gatari, mata suka daina miƙa garwashi ta kan katanga, mai jaki ya ga tsohuwa da kaya a ka ya kau da ido, don ba wanda ya san abin da ke cikin ƙunshin. Da can al'adar Gulbare ce kowane gida ya girke randa a ƙofa da moɗa a kai, mai wucewa ya sha, ya yi addu'a, ya kama gabansa. Yanzu duk an kwashe su an shigar ciki, sai zagayen gurbinsu a ƙasa kamar tabon ƙahon wanzami. Randa ɗaya tak ta rage a birnin, ita ce ta ƙofar Alƙali Ɗalhatu.

Kada wani ya ɗauka jarumta ce ta bar ta. Alƙali Ɗalhatu gajere ne mai tumbi, masanin fikihu, mai son barkwanci idan ƙofa na rufe, amma yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, kuma fiye da su duka yana tsoron matarsa Kuluwa. Ita ce ta hana a ɗage randar, domin mahaifiyar Alƙali tana kan gargara ta riƙe hannunta, ta yi mata wasiyya kada wani ya wuce ƙofar gidan da ƙishirwa. Gidan kuwa na gado ne, a nan aka binne cibiyar Alƙali, a nan jikokinsa ke rarrafe ƙarƙashin lemon da ubansa ya dasa, kuma ba shi da wani wurin da zai sa haƙarƙarinsa a duniya in ba shi ba.

Akwai wata al'ada da Sarki Zailani ya gada daga kakansa bai taɓa saɓa mata ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai a jera akusa a babban zauren fada, duk baƙon da ke gari ya shigo ya ci, ba a tambayarsa suna balle asali. Sarki da kansa ke ɗaukar buta ya zuba wa kowane baƙo ruwa a hannu, Alƙali kuma ke durƙusawa ya tara tasa. Wata Juma'a wani ramammen baƙo ya miƙo hannun dama, sai ga cindo, wato ƙarin yatsa na shida, yana reto a gefen ƙaramin. Sarki ya sunkuyo ya raɗa wa Alƙali cewa wannan kam zai riga kowa ƙoshi, tunda an ƙara masa ma'aikaci. Alƙali ya yi dariya har ruwan tasa ya zube masa a riga, ba don maganar ta kai haka ba, sai don Sarki kan shekara bai yi raha ba.

Washegari aka tashi da labarin an haura katangar wani madugu an kwashe kayan azurfar matarsa. Ɓarawon ya hau ne da wani tsohon tsani da ke jingine a kangon bayan gidan, ya bar shi nan, ya saje da 'yan kasuwa ya shiga kwalekwalen fito ya haye gulbi, daga nan ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Kwalekwalen na Tanimu ne, mai fiton da ya gaji filafilin tuƙi daga ubansa. Sabo ne fil, an sassaƙo shi daga maɗaci, kuma sai da Tanimu ya sayar da gonarsa kafin ya mallake shi. Kafin azahar jan ƙyalle na kaɗawa a hancinsa.

Wannan karon abin bai tsaya a gida ɗaya ba, domin da fito ya tsaya, nono ya daina hayowa, gero ya daina hayewa, kasuwa ta mutu, kuka ya kai fada. Majalisa ta rabu. Liman da manyan fatake suka ce a soke dokar, ko kuwa kada a taɓa kayan mutum sai an tabbatar da laifi a kansa shi kansa. Ma'aji da dogarai suka ce ranar da aka soke ta ranar 'yan fashi za su dawo, kuma dogarin da ba shi da rabo a kamu ba zai bar inuwa ba. Wasu masu son a rabu lafiya suka ce a mai da sulusi rubu'i, kamar wanda aka ƙwace wa jaki zai ji sanyi in an gaya masa ƙafa ɗaya kawai dogari ya samu. Sarki ya saurare su har suka gaji, sa'an nan ya juyo wajen Alƙali, wanda tun da aka fara ya sunkuyar da kai yana jan carbi, yana roƙon Allah ya sa a manta da shi.

Sarki ya ce, "Malam, kai ne ma'aunin garin nan. Ranar Alhamis za a kawo kwalekwalen ƙofar fada, ka yi masa shari'a a gabana da gaban jama'a. Sharaɗina biyu ne. Kada ka karya dokata, domin sarkin da alƙalinsa ya taka dokarsa ba shi da sauran kwarjini. Kada kuma ka zalunci talakana, domin ni za a tambaya ranar da babu fadawa. In ka saɓa ɗaya daga ciki, ka bar mini rawaninka a nan."

Alƙali ya ce ya ji ya karɓa, Allah ya ƙara wa Sarki nasara.

Da la'asar yana zaune a dakalin ƙofar gidansa, sai ga Ɓaidu shi kaɗai, yana tafe a hankali kamar mai zuwa duba mara lafiya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, abin da ya sa tsikar jikin Alƙali ta tashi. Ya ɗauki moɗa ya sha ruwan randar, ya yaba sanyinsa, ya ɗaga kai ya yaba azarar zauren, ya ce irin wannan gini yanzu an daina haihuwar magininsa. Yana magana yana wasa da bakin wani jan ƙyalle da ya leƙo daga aljihunsa.

Can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wani yarona ne ke cewa wai ya ga ɓarawon nan ya tsaya ya sha ruwa a nan kafin ya gangara gulbi. Na ce masa ya rufe bakinsa, don idan randa ta yi laifi, ai gidan da ya girke ta ne ya yi, ni kuwa ina jin nauyin Malam. Idan kwalekwale ya tabbata a hannunmu ranar Alhamis, yaron nan mantuwa gare shi. Idan kuwa aka sake shi, to dole in nemi wani abin da zan nuna wa baitulmali."

Ya yi sallama cikin ladabi ya tafi. Alƙali ya tashi ya shiga cikin gida. Ya tarar da Kuluwa tana tankaɗe a tsakar gida, ya kwashe labari ya gaya mata, ya roƙe ta don girman Allah a shigo da randar nan ko yanzu ne. Ta tambaye shi ko shigo da ita yau zai mai da ruwan da aka sha jiya. Ya tambaye ta ko da gaske ɓarawon ya sha, ta ce ita ba ta tsayawa a ƙofa tana tambayar masu ƙishirwa sana'arsu. Ya ce to ta shirya kwana a rumfar kasuwa ita da jikoki. A nan ta ajiye rariyar ba ta gama tankaɗe ba, sai tsoronsa ya ninka, domin bai taɓa ganin abin da ya girgiza Kuluwa ba.

Ta ce, "To ka ba su kwalekwalen, Malam. Amma ka sani ni ce zan riƙa haɗuwa da matar Tanimu a bakin rijiya, ba kai ba."

Washegari da hantsi ya gangara mashigi, niyyarsa ya ba Tanimu haƙuri tun kafin ya cuce shi, domin ya riga ya auna a ransa gida ya fi masa kwalekwale nauyi. Ya same shi zaune a kan yashi nesa da jirginsa, tunda an hana shi taɓa shi, yana kallon rana na ƙoƙarin tsaga itacen. Tanimu ya taso ya faɗi ya yi gaisuwa, bai roƙi a sake masa jirgi ba, abin da ya roƙa kawai shi ne a sa wani dogari ya riƙa watsa masa ruwa safe da yamma, don maɗaci ba ya son bushewa. Wannan roƙo ya sa Alƙali ya fasa jawabin da ya shirya. Sai ya tambaye shi ko ya riƙe kamannin ɓarawon.

Tanimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, fuska ban riƙe ba. Mu hannu muke kallo, don mai tsoron ruwa daga riƙonsa ake gane shi. Wannan ya damƙi gefen jirgi da dama, na ga cindo. Haka na gaya wa Sarkin Dogarai, shi ma da wannan alama yake cigiya."

Nan take Alƙali ya tuna baƙon ranar Juma'a. Ya tuna buta, ya tuna tasa, ya tuna rahar Sarki. Ya hango ƙofar fita, sai dai ƙofar ta fi ɗakin da yake ciki ban tsoro, domin tun da aka kafa Gulbare ba a taɓa yin alƙalin da ya kira Sarki shaida ba, kuma wanda ya gwada, ba rawani kaɗai zai rasa ba, har da abin da ake naɗa rawanin a kai. A hanyarsa ta komawa ya ratsa ta kangon bayan gidan madugu, ya ga tsanin nan kwance cikin ciyawa, gara na shagali a kansa, ba ƙyalle ba dalilinsa. Ranar nan ya kasa cin tuwo, shi da ko a gidan makoki ba ya mai da akushi da saura.

Da safiyar Alhamis ya ce wa Kuluwa ta ƙulle tufafinsu da na jikoki ta ajiye kusa da ƙofa, ta kuma cika randa. Ta dube shi, ta yi duka biyun.

Aka ɗauko kwalekwalen a kafaɗun ƙarti aka girke shi a ƙofar fada, jan ƙyallensa na kaɗawa. Jama'a ta cika maƙil, amma shiru har ana jin kukan kurciya a kan soro. Sarki na zaune a kan shimfiɗarsa, dogarai a tsaye dama da hagu. Alƙali ya miƙe.

Ya buɗe da yabon Ubangiji da addu'a ga Sarki, ya yi alkawarin ba zai zubar da ko wasali ɗaya daga dokar ba. Ya tambayi Ɓaidu alamar ɓarawon, ya ce cindo ne a hannun dama, kuma babu kokwanto. Ya tambaye shi ko duk abin da ya taimaki wannan mutum mai laifi ne, ko mai shi ya sani ko bai sani ba, Ɓaidu ya ce haka doka ta hukunta. Sai Alƙali ya yanke cewa kwalekwale ya ɗauki ɓarawo, saboda haka kamunsa ya tabbata. Tanimu ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Wani guna-guni ya ratsa taron, Ɓaidu ya yi murmushi ya shafa gemu.

Alƙali ya ce bai gama ba. Ya sa aka kawo tsanin, ya tambayi Sarkin Dogarai yadda aka yi wanda ya ɗauki ɓarawo cikin rashin sani yana ɗaure, wanda ya ɗaga shi har kan katanga yana kwance yana shan iska. Ɓaidu ya ce ai gara ta cinye shi, ko mai tuya ba za ta karɓe shi kyauta ba. Alƙali ya ce ya duba dokar ciki da baya, bai ga inda ta ce mai laifi sai mai tsada ba. Ɓaidu ya ɗaura wa tsani ƙyalle fuska a murtuke, wasu suka fara dariya suka mai da ita tari.

Sa'an nan Alƙali ya ce, "Sarkin Dogarai, ka zo ƙofata ka gaya mini yaronka ya ga ɓarawon ya sha ruwan randata, ka kuma ce idan randa ta yi laifi gidan da ya girke ta ne ya yi. Ka maimaita a nan, Sarki ya ji."

Ɓaidu bai zaci haka ba, amma ya ga gida na zuwa masa a banza, sai ya maimaita, har ya ƙara da cewa ƙa'ida ce tsohuwa da suka daɗe suna aiki da ita. Alƙali ya hukunta cewa randarsa da gidansa sun shiga kamu. Can bayan taro, cikin mata, ya hango Kuluwa ta toshe baki da gefen mayafi, ya yi maza ya kau da kai don kada sauran ƙarfinsa ya zube.

Ya juya ya fuskanci Sarki, ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Allah ya ba ka nasara, saura shaida ɗaya, kuma ina neman aminci kafin in kira shi, domin ya fi ƙarfina."

Sarki ya ce, "Babu wanda ya fi ƙarfin shari'a a ƙasata. Kira shi."

"Kai ne, ranka ya daɗe."

Kurciyar ma ta yi shiru. Dogarai suka kai hannu ga takubba, Sarki ya ɗaga yatsa suka tsaya. Alƙali ya tambaya, da muryar da shi kansa da ƙyar yake ji, ko ranar Juma'ar da ta gabaci satar Sarki ya zuba ruwa a hannun dama mai cindo, mai hannun kuma ya ci daga akushin fada. Sarki ya zuba masa ido. Alƙali ya san gidansa da wuyansa duka suna rataye a kan gaskiyar mutum ɗaya, mutumin da bai taɓa ƙarya ba, amma kuma ba a taɓa titsiye shi a gaban talakawansa ba. Gumi ya gangaro ta ƙarƙashin rawani ya shiga idonsa, bai iya ɗaga hannu ya share ba.

Sarki ya ce, "Na zuba. Har na yi maka raha a kansa."

Alƙali ya miƙe da ƙyar ya ce, "To ƙarfin da ya hau katanga da shi tuwon fada ne. Akushi ya ciyar da mai laifi, buta ta wanke hannun da ya yi sata, kuma bisa ƙa'idar da Sarkin Dogarai ya tabbatar da bakinsa yanzun nan, idan akushi ya yi laifi, gidan da ya ajiye shi ne ya yi. Sarkin Dogarai, fito da ƙyalle ka ɗaura wa ƙofar fada. Sa'an nan ka gaya wa jama'a ta ina kake so a yanka maka sulusinka, ta wajen gadon sarauta ko ta wajen cikin gida?"

Ɓaidu ya yi fari fat kamar an shafa masa toka. Ya sa hannu a aljihu, hannun ya ƙi fitowa. Da ya fito, ƙyallayen suka zube ƙasa. Ya faɗi rubda ciki yana rantsuwa cewa ko tsakuwar fada bai taɓa sha'awa ba, kuma dokar da za ta ba bara sulusin gidan ubangidansa ba doka ba ce, hauka ne, shi ne ma na farko da ke roƙon a soke ta.

Sarki bai yi dariya ba. Ya tashi, ya taka ya ɗauki ƙyalle ɗaya daga ƙasa, ya zo gaban Alƙali ya miƙa masa, ya kuma miƙa wuyan hannunsa na dama.

"Hannun nan ne ya riƙe butar, Malam. Ɗaura."

Alƙali ya yi kalmar shahada a zuci, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokarka kaya take kamawa ba mutum ba, saboda haka hannun ya kuɓuta. Amma da za a tuhume shi, na san abin da zai ce: bai san wa yake wankewa ba, alheri ya nufa. Filafilin Tanimu ma bai san wa yake hayarwa ba, moɗar ƙofata kuma ba ta ƙidaya yatsun mai sha. Bambancin kawai shi ne hannunka yana da bakin da zai yi masa magana, su kuwa an rufe bakin masu su. Ban karya dokarka ba, na bi ta ne har inda ta nufa, ga shi ta kawo mu ƙofarka. Abin da ya rage ba na alƙali ba ne, na Sarki ne."

Sarki ya daɗe yana duban ƙyallen, sa'an nan ya taka zuwa kwalekwalen ya kwance na hancinsa da hannunsa, ya kira Tanimu ya ce ya zo ya dafa abinsa. Ya juyo ga jama'a ya zartar da cewa daga ranar ba za a ƙara taɓa dukiyar kowa ba sai an gurfanar da shi shi kansa, an ba shi bakin magana, an tabbatar ya yi laifi ko ya taimaka da saninsa; hujja kuma tana kan mai tuhuma, ba kan mai kaya ba. Dogarai za su ci daga baitulmali kamar sauran barorin sarauta, ba su da ko ƙwayar gero a cikin abin da suka kamo. Duk abin da ke tsare a mai da shi ga masu shi. Aka tuɓe Ɓaidu, aka sa shi da yaransa suka ɗauki kwalekwalen a ka har bakin ruwa. Turmin nan a gidansa aka same shi, bijimin kuwa an daɗe da yin miya da shi, sai daga garkensa aka biya.

Sarki ya yafa wa Alƙali alkyabbarsa, ya ba shi tasar Juma'a ta zama tasa har jikoki, ya ce ya faɗi duk abin da yake so bayan wannan. Alƙali ya ce abu ɗaya yake roƙo, a ba shi izinin zama, domin ƙafafunsa sun ajiye aiki tun wajen maganar tsani. Sarki ya yi dariya, raharsa ta biyu ke nan a shekarar.

Da ya koma gida ya tarar da Kuluwa ta riga shi, tana kwance ƙullin tufafi. Ya gyara alkyabba ya fara ba ta labarin yadda ko gezau bai yi ba, ta dubi rigar da ke ƙarƙashi ta jiƙe sharkaf har gindi, ta tambaye shi ko yau ma tasar ce ta zube masa. Ta ajiye masa akushi, bai mai da shi da saura ba.

Randuna suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta koma gurbinta. Mai cindo dai ba a kama shi ba har yau, wataƙila ma ya sake ratsowa ya sha ya yi addu'a. Sarki Zailani kuwa, duk lokacin da aka naɗa sabon dogari, yakan sa a gaya masa cewa adalci yana tambayar mutum abin da ya aikata kafin ya dubi abin da ya mallaka, kuma ƙasar da mai kamu ke cin rabo daga kamunsa ba ta kori ɓarawo ba, jar rigar dogari kawai ta ɗinka masa.